Saura Taƙi Ɗaya

Yaya Bekzat, bari in ba ka labarin ƙanwarmu Tolganai, tunda ba a gabanka aka yi ba.

Kwana biyu da dawowata daga wajenka a garin Karaganda, Raushan Apai ta tsayar da ita a tsakiyar filin ƙanƙara. Malamarka ce ta dā, kafin gwiwarka ta lalace ka ajiye takalmin zamiya ka koma haƙar kwal, ka san ba ta ɓoye magana. Ta ce tsallen ware ƙafa ne zai kayar da yarinyar. Ƙafar gaba tana kaiwa daidai ƙugu, ta baya kuwa saura taƙi ɗaya. Gwaji saura kwana tara. Wadda ba ta haye ba makarantar wasanni za ta sallame ta.

"Sai ki koma ƙauye wajen kakarki," in ji Apai. "Tatsar goɗiya ba ta bukatar ɗaga ƙafa."

Shekararta goma sha uku, bakwai a kan ƙanƙara ta yi su. Ba ta iya komai ba sai wannan.

Sai ta yi abin da ta saba: ta sa aka ɗauki tsallen a waya, ta aika maka. Amsa takan shigo ƙarfe shida da rabi na safe, bayan na fita wankin motoci. Dā muryarka take ji, yanzu sai rubutu.

"Yaya ya zama babban mutum," ta ce min da yamma. "Magana ma tsada take masa."

"Ƙurar rami ta dishe masa murya," na ce.

Saƙon farko ya ce ta ƙara miƙe jijiya. Ta ɗora ƙafa kan taga, ta ɗora kan kujera, har ta koma tana kwantawa a ƙasa kamar almakashin da aka buɗe. A sama kuwa taƙin nan bai ragu ba.

Saƙo na biyu ya ce ta ɗaura nauyi a idon sawu. Ta cika tsofaffin safa da yashi, ta ɗinke, ta ɓoye a ƙarƙashin wando. Rana ta biyu ta yi tsalle, ƙafar ta ja ta, ta zube a kan kwatangwalo. Ina zaune a benci na ji ƙarar. Apai ta durƙusa tana taɓa cinyar, hannunta ya faɗa kan safar.

"Wane mahaukaci ya ce ki hau ƙanƙara da yashi?"

"Yaya Bekzat."

"Bekzat? Shekara takwas yana hannuna. To kwal ta cinye masa ƙwaƙwalwa. Kai Dauren, ba ni lambar yayanka in wanke shi tas."

Na ce waya ba ta shiga a rami. Ta dube ni ta daɗe, ni kuma na dubi takalmina.

Ranar Alhamis na soya gurasa bakwai don ƙamshi ya isa ga mamata, kamar yadda Kaka take yi. Tolganai ta fito tana ɗingishi, tana kore hayaƙi da hannu.

"Tun yaushe ka fara tunawa da su Baba? Kuma duk ka ƙona. Yau mamata tari za su sha."

Ta yi dariya, ta ci biyu. Ni na rufe sauran na ajiye.

Kwana biyu babu saƙo. Ta juye akwatinka tana neman tsohon littafinka na horo, mai bangon shuɗi, ba ta gan shi ba. Ta zauna a cikin tarkacen ta rubuta maka: Ka ce wani abu, ko zagi ne. Saura kwana uku, Yaya. Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa kamar na tsuntsun da ruwa ya daka. Na fita waje, don ɗakin ya yi min kaɗan.

Washegari amsa ta zo. Ki tashi sama tukuna, sannan ki buɗe. Ki soka haƙorin da ke gaban ƙarfen takalmi, ki tura ƙanƙara ƙasa da ƙarfi. Kada ki sunkuyar da ƙirji neman ƙafa, ƙafa ce za ta zo neman ki. Idonki kan agogon bango.

Apai ta karanta, ta taɓe baki. "To, yanzu ya farka."

Taƙi ya koma yatsa huɗu. Ranar Lahadi ya koma biyu, cinyar kuma tana ɗaure da bandeji.

Litinin da hantsi alƙalai uku suka zauna cikin manyan rigunan sanyi, kowa da takardarsa. Aka kira sunanta. Ta zagaya fili da baya, ƙarfen takalminta yana yanka ƙanƙara a hankali kamar ana yage alharini. Ta ɗaga ido ga agogo, ta soka haƙori, ta tashi. Ta kai ƙarshen tashinta kafin ta buɗe, ƙafa biyu suka miƙe sambal, har ka iya ɗora faranti a kansu. Ta sauka da ɗan tangaɗi, amma ta tsaya.

Apai ba ta tafa ba. "Gobe ƙarfe bakwai," ta ce. "Kada ki makara."

Tolganai ta fito ko takalmi ba ta cire ba, ta fizgi wayarta daga jaka, tana kuka tana dariya.

"Rubutu ya ƙare! Yau ko ƙarƙashin ƙasa ta bakwai yake sai ya ɗauka."

Ta danna sunanka, ta kara a kunne, idonta a kaina.

Wayarka ta soma rawa a ƙirjina, cikin rigar sanyinka da abokan aikinka suka miƙo min ranar da muka rufe ka. Da ita nake rubuta mata saƙonnin, na ƙarshen daga littafinka mai bangon shuɗi na kwafo shi. Kwana goma sha biyu ke nan, Yaya, kuma har yanzu ban gaya wa kowa ba.