Ciwon Haƙorin Gyalzen

Ƙafar Gyalzen ta zame a tsakiyar tsanin da aka gitta kan ramin ƙanƙarar Khumbu, a hanyar hawan babban dutse. Tulunan iskar shaƙa huɗu na Turawan da yake wa dako ne a bayansa, ga shi garin sauri bai maƙala igiyar tsaro ba. Saura ƙiris ya faɗa, sai jagoran wata tawaga, fuska a rufe ruf, ya cafko ɗamararsa ya finciko shi waje.

"Ɗan'uwa, ka ceci raina," in ji Gyalzen yana haki. "Amma ka rufa min asiri, kada zancen nan ya kai ƙauye. Na rantse wa matata Phuti na bar hawan dutse. Ita a saninta ina birnin Kathmandu wajen cire haƙori."

"Sati shida ana cire haƙori ɗaya?" in ji jagoran.

Jin muryar, Gyalzen ya ɗago kai da sauri. Aka zare tabarau da takunkumi.

"Phuti! Ba ke kika ce za ki gidan innarki shukar dankali ba?"

Ta maƙala masa igiyar, ta ja ta tamau.

"Wuce mu je, maigida. In muka sauka lafiya, ni zan cire maka haƙorin da hannuna."