Jirgin da Aka Bari a Mashigi

Ga ta nan, ga ta nanku. Amsa mana, Tukur, gemun nan naka bai hana ka zama ɗan ƙanwata ba.

"Ta zo mu ji ta, Kawu."

Yauwa. Ka ce mini ka rubuta manhajar kwamfuta ka zuba ta a intanet don kowa ya ɗauka kyauta. Na tambaye ka ina lasisin da ya faɗi abin da aka yarda a yi da ita, ina bayanin yadda ake aiki da ita, ka ce wai abin alheri ba ya son surutu. To gyara zama, don raina a ɓace yake.

An yi wani masassaƙi a wani gari da gulbi ya raba shi da kasuwa. Duk damina yana kallon mata suna zagaye mai nisa da kaya a ka, sai tausayi ya kama shi. Ya sami maɗaci, ya sa gizago, ya sassaƙa jirgin da ba a taɓa ganin irinsa a wannan mashigi ba. Sai dai itacen yana da ɗan karkata, don haka jirgin yana da hali: kaya mai nauyi a baya ake ɗora masa, in aka ɗora a gaba sai ya kifa. Masassaƙin ya san haka sarai. Amma shi mutum ne mai gudun riya, yana ganin in ya yi shelar kyauta ladansa zai zube. Sai ya tura jirgin cikin ruwa, ya ɗaura a turke, ya ajiye filafili a ciki, ya koma gida bai gaya wa ko matarsa ba.

Ka san abin da ya biyo baya? Mutanen kirki suka zo suka ga jirgi, suka ce ai wannan yana da mai shi, suka ci gaba da zagayensu. Tsohuwa ta tsaya a gaɓa da ƙullin daddawarta, ta dubi jirgi, ta dubi ruwa, ta juya, don ba a tarbiyyantar da ita a kan taɓa kayan mutane ba. Wani kafinta ya hango tsaga ta fara a gefe, hannunsa har ƙaiƙayi yake ya toshe ta, amma ya ce wa ya aike ni? Sai wani falke da sauri ya ci ƙarfinsa ya yi kasada, ya jibga buhunan gishiri a gaba. A tsakiyar gulbi jirgi ya kifa. Shi dai ya fita da ransa, gishiri ya bi ruwa. Gari ya ɗauka cewa jirgin na aljanu ne.

Ana nan sai ga wani mara kunya, irin mutanen da ba sa wuce abu a ƙasa. Ya jawo jirgin daga inda ruwa ya yar da shi, ya yi ta gwada shi a inda ruwa bai da zurfi har ya gano halinsa, ya haɗiye sirrin. Ya toshe tsagar, ya shafa fenti, ya sa sarƙa da kwaɗo. Daga ranar ba mai haye gulbi sai ya biya shi.

A nan ne fa masassaƙi ya farka. Ya tafi zauren mai gari yana huci, ya ce jirgin nan shi ya sassaƙa, kuma don kowa ya yi shi. Mai gari ya ce, "Wa ka gaya wa?" Ya ce Allah ya sani. Mai gari ya ce, "Haka ne, amma ni mutum ne, da shaidar mutane nake hukunci." Mai sarƙa ya ce shi yasasshen abu ya tsinta yana ruɓewa, ya raya shi da guminsa. Kafin masassaƙi ya buɗe baki sai falken nan ya miƙe daga cikin taro ya ce, "Ashe naka ne! To ka san yana kifewa ka yi shiru? Ina gishirina?" Masassaƙi ya duba dama, ya duba hagu, babu mutum ɗaya da zai tsaya masa. In ya ce nasa ne, asarar falke ta hau kansa. In ya yi shiru, jirgi ya tafi. Ya sunkuyar da kai ya fita. Har ya tsufa, matarsa sai ta biya take haye gulbi a jirgin da mijinta ya sassaƙa.

Ni ba mai sarƙar nan nake jin haushi ba, Tukur, irinsa ba sa ƙarewa a duniya. Masassaƙin nake jin haushi! Me zai rage shi da ya tsaya a mashigi ran farko ya ce: jama'a, wannan na kowa ne, kowa ya hau, kowa ya gyara, ba mai sa masa sarƙa, kaya a baya ake ɗorawa, wanda ya saɓa kansa ya yi wa? Shirunsa ya kori masu amana ya buɗe wa azzalumi ƙofa, shi kuma yana can yana jiran lada. Tashi ka je ka rubuta lasisinka da bayaninka yau, tun manhajar tana hannunka.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wannan babu Gizo a cikinta balle ka ce ƙarya na shirya maka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: tun ran gini, ran zane.