Mai Kawo Ƙazwa

Karo na uku ke nan da Yaya ta sa aka fito da katifun gidan aka jingine su a rana. Ruwa na tafasa a babbar tukunya, zannuwan gado sun cika igiya, 'ya'yan ƙaninta uku kuma suna zaune a kan benci suna susa har da lumshe ido.

Yaya ce babbar 'yar gidan. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba ta dawo da zama a ɗakin sama, ta karɓi komai a hannunta: makullin sito, katin asibiti, har da jadawalin magani da ta manna a ƙofarsa. Kowace safiya kafin ta tafi ofis takan tsaya a bakin ƙofar ta ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ya ɗaga hannunsa mai motsi, ita kuma ta wuce.

Wata huɗu ke nan da ƙazwa ta shigo gidan. Mai kemis ya ce wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana huda fata ya yi ƙwai a ciki. Ya ba da man shafawa, a shafe jiki daga wuya har tafin ƙafa, a kwana da shi, a maimaita bayan mako guda. Tufafi a wanke da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda. Yaya ta tsaya a kan duk mai susa sai da ya shafa. Ita ba ta shafa ba, don ko ƙurji ɗaya babu a jikinta. Baba ma an ƙyale shi, tunda bai taɓa susa ba, ga fatarsa dama ta bushe tana ɓarewa, ba a so a ƙara masa wahala.

Sai a warke, a huta mako biyu, abu ya dawo. Kuma kullum a jikin mutum ɗaya yake fara dawowa: matar ƙaninta, wadda ake kira Amarya har yau bayan shekara tara da aure. Tsakanin yatsunta, wuyan hannunta, damatsanta, har ƙirjinta, duk sun yi jawur da susa. Daga ita sai yara su ɗauka.

Yaya ta gama lissafinta. Ta tare Amarya a tsakar gida tana ɗauke da bahon wankan Baba.

"Ke ce ke dawo mana da ita. Kalli hannuna, gida ɗaya muke. Ƙazanta ce kika taso da ita daga gidanku."

Amarya ta ajiye bahon a hankali. "Yaya, a gaban yara?"

"Su ji. Ki tafi gida sai kin warke."

Mijin Amarya direban babbar mota ne, yana kan hanya. Da aka kira shi, abin da ya ce kawai, "Yadda kika gani, Yaya."

Amarya ta haɗa kaya ta tasa 'ya'yanta a gaba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "A riƙa juya Baba duk bayan awa biyu. Kuma ba ya son ruwa da zafi sosai." Yaya ta rubuta a ƙasan jadawali, ta ɗauko mai jinya.

Gida ya yi tsit, ya yi fes. Bayan wata guda labari ya zo cewa Amarya da yara sun warke sarai, amma ta ce ba za ta dawo gidan da aka kira ta ƙazama ba, a aiko mata da takardarta. Yaya ta ce ruwanta. A makon ne mai jinya ta nuna mata wuyan hannunta duk ƙuraje, ta ajiye aiki.

Kwana biyu ba wanda ya juya Baba yadda ya kamata, bayansa ya fara gyambo. Yaya ta samo lambar wani likita ta kira shi. Ta dawo daga ofis ke nan ta tarar da shi a ƙofar gida, ta nuna masa ɗakin.

Likita ya sa safar hannu ya yaye mayafin. Ya daɗe yana duba ɓawon da ya yi kauri a yatsun tsohon da dugadugansa.

"Wannan ba bushewar tsufa ba ce," ya ce. "Ƙazwa ce, irin wadda ke kama marar ƙarfi. Wani ko susa ba ya yi, amma ƙwarin dubbai ne a cikin ɓawon nan. Duk wanda ya ɗaga shi ko ya rungume shi sai ya ɗauka, wanda ya fi ɗawainiya da shi kuma shi zai fi shan wuya. Kawo hannunki in gani."

Daga bakin ƙofa Yaya ta miƙa. Ya juya hannuwan, ya duba tsakanin yatsu, ya saki.

"Ke kam ba ki da matsala, Malama, da gani ba kya taɓa shi. Ko za ki kira min ɗaya daga cikin 'ya'yansa?"