Abin Toshe Kunne a Kan Ƙusa

Yanzu in jirgi ya wuce ta saman gidan Baban Sito, sai ya ga mutanen gida sun ɗaga kai sannan ya sani. Shi da a da daga jin ƙara yake faɗin ko wane jirgi ne!

Sunan nan a kamfanin gyaran jiragen sama ya samo shi, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana shugabancin ɗakin ajiyar kayan gyara. Har yau yana kewar wurin: warin giris, sanyin ɗakin robobi, kantoci reras, kowane noti da mazauninsa. Mutum ne mai tsantseni, ko ƙusa ba ta fita sai ya duba ta. Kunnensa kaɗai ya bari babu mai gadi.

Ƙofar bayan sito tana kallon filin da ake gwada inji. In makanikai suna gaggawar kaya, da kansa yake kai musu, inji na ruri, abin toshe kunnensa kuwa yana rataye a ƙusa.

"Oga, kunnenka fa!" babban makanike kan ɗaga murya.

"Ni ɗan sito ne, ba makanike ba. Yanzu zan koma."

Haka aka yi ta "yanzu zan koma" shekara da shekaru.

Matarsa ce ta fara lura. "Malam, rediyon nan har da maƙwabta ka kunna wa?"

"Ke dai muryarki ce ta tsufa," in ji shi, su yi ta dariya. Tsokanar juna ce abincinsu tun suna amarya da ango.

Da ƙyar ya je asibiti. Likita ya ce jijiyar ji ta mutu, ba ta dawowa.

Da ciwon ajali ya kwantar da matar a asibiti, wata safiya 'yarsu ta fita kiran nas, ya rage daga shi sai ita. Ta kama hannunsa, ta daɗe tana magana tana murmushi. Ya kai kunne daf da bakinta. Ba abin da ya ji sai ƙugin da ke cikin kansa. Ya gyaɗa kai kawai, yadda ya saba.

Kafin 'yar ta dawo, rai ya yi halinsa. Har gobe bai san me ta ce masa ba, kuma babu wanda zai tambaya. Wannan ya fi kurumtar ci masa rai.

Jama'a, kayan kariya ba na makanike kaɗai ba ne, na duk wanda ya taka wurin ne. Noti in ya lalace akwai wani a sito; kunne babu.