Siminti Ya Tsuke

"Ranki ya daɗe, taka sawunki mu ɗauki hoto!" 'yan jarida suka ce wa wata tauraruwar fim.

Shekara hamsin ke nan da danna sawun nan a simintin ƙofar silima a Hollywood, zamanin da maza ke suma in ta kashe ido a fim. Tauraruwar ta taka. Ƙafa ta fi sawu, har da rarar yatsu.

Tsohuwar mai yi mata kwalliya ta tuna ranar: ƙurji ya fito wa uwar ɗakinta a hanci, ta ƙi fita, aka lulluɓe wata aka kawo a madadinta.

"Kallon me kuke?" tsohuwar ta daka musu tsawa. "Siminti ma tsukewa yake in ya tsufa!"

Sannan ta sauke jakarta a hankali, ta rufe nata 'yan ƙananan ƙafafun da ita.