Alhamis ɗin Hemraj

"Hau babur, ko in ɗaure ka kamar buhun shinkafa," na ce wa taubashina Hemraj yau da safe. Tun da ya yi yunƙurin kashe kansa, ni nake kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa a garin New Amsterdam duk Alhamis, yana tafe yana zagina.

Yau kuwa sai ga shi ya fito daga wurin likitar yana murmushi. "Tsohon banza, ka huta. Ta sallame ni."

Na yi masa barka, har gurasar roti na saya masa.

Bai sani ba, duk lokacin da na yanke shawarar gamawa da tawa rayuwar, cewa nake, bari dai in kai shi wannan makon tukuna.

Yanzu ba mai jirana ranar Alhamis.