Masaƙin Ranar Asabar

"To, saƙa mana mu gani," in ji shugaban masu bincike na hukumar ƙwallo, yana nuna wa wani ɗan wasa injin saƙa.

Mai masaƙar, wanda kuma shi ne mai ƙungiyar ƙwallon garin, ya jiƙe da gumi. A Ingila ta wancan zamanin haramun ne a biya ɗan ƙwallo. Sai a ɗauko mutum daga Sikotilan, a rubuta shi ma'aikacin masaƙa, a cusa masa sulalla cikin takalmi. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma in ta tonu yau, an kori ƙungiyar da ɗan wasanta har abada.

Ɗan wasan ya naɗe hannun riga. Shekara goma sha ɗaya yana yawo, wannan ce ƙungiyarsa ta tara. Ya ɗaura zare, ya ta da inji, yadi ya riƙa zubowa sumul.

Masu bincike suka ba da haƙuri, suka fice.

"Kai, ɗan nema! Ina ka koya?" in ji mai masaƙar.

"Yallaɓai, duk garin da na je, wasa biyu suke kallo su ce in kama aikin da aka rubuta mini. Na iya gasa burodi, na iya ƙira, har aski."

Allah ya ba mutum hannu, ya nace sai ƙafa.

Mai masaƙar ya shafa yadin, ya tuna ƙwallon da gwanin nasa ya doka cikin harabar coci maimakon raga makon jiya.

"Ranar Asabar ka zo da wuri."

"A wane gefe zan tsaya a wasan, yallaɓai?"

"Gefen taga. Injin can ya fi samun haske."